Dole ne in fasa teburin bashin shagon Baffa gida-gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Baffana yana sayar da takin zamani da irin shuka da maganin feshi a Gombe. Yawancin manoman da ke zuwa daga Kumo da Deba da Bajoga bashi suke ɗauka, sai kaka su biya. Ni nake rubuta masa lissafi a Excel, shafi ɗaya: kwanan wata, sunan manomi, lambar waya, gari, ƙaramar hukuma, kayan da ya ɗauka, farashi, jimla, abin da ya biya, da ragowa. Yanzu ina so in mayar da shi rumbun bayanai na gaske. Malaminmu ya ce sai na yi nomalaizeshan har mataki na uku, wai in fasa shi tebur biyar ko shida. Ni kuwa gani nake ƙarin wahala ce kawai, tunda shafi ɗayan yana aiki. Dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa kasuwar Baffa albarka.

Malaminku yana da gaskiya, sai dai da alama hukunci ya ba ku, bai tsaya ya nuna muku dalili ba. Shafin nan yana aiki ne saboda kai kaɗai kake taɓa shi, kuma rabin lissafin a kanka yake, ba a cikin kwamfuta ba. Ranar da ka tafi bautar ƙasa aka bar wa yaron shago, ranar za a san ko yana aiki.

Buɗe shi yanzu ka gwada. Zaɓi manomi ɗaya da ya daɗe yana hulɗa da Baffa, ka tace layukansa. Zan yi mamaki in ba ka same shi da suna iri uku ba: nan Muhammad, can Moh'd, gaba kuma Alh. Mamman, don haka Baffa ya kira shi a ranar. A wurinka mutum ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutum uku ne, kowanne da ɗan bashinsa, kuma babu wanda bashinsa ya kai a ɗaga waya a kira shi. Sai ka duba lambar wayarsa. In ya ɗauki kaya sau goma, lambar tana layi goma. Bana ya sake sim, ka gyara a layukan bana, na bara suna nan da tsohuwa. Watan Disamba Baffa ya ce a nemo shi, wacce ce ta gaskiya? Shafin ba zai gaya maka ba, duka biyun a rubuce suke.

Akwai wasu biyu da ba a cika lura da su ba sai sun yi ɓarna. Sabon maganin feshi ya iso shago, ba wanda ya saya tukuna: ina za ka rubuta sunansa da farashinsa? Babu wuri, sai dai ka ƙirƙiri cinikin bogi. Sannan manomin da sau ɗaya tak ya taɓa sayayya ya dawo da kayan, ka goge layin cinikin, ashe ka goge mutumin ne gaba ɗaya, da garinsa da lambarsa. Matsalar gyara, matsalar shigarwa, matsalar gogewa, haka littattafan fannin ke jera su, amma tushensu ɗaya: ka cusa bayanin abubuwa daban-daban a layi guda. Lambar waya labarin manomi ce, nauyin buhu labarin kaya ne, kwanan wata labarin ciniki ne. Nomalaizeshan ba wani abu ba ne illa mayar da kowane bayani gidansa, a rubuta shi sau ɗaya, duk mai buƙatarsa ya je can ya duba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Teburan suna rabe a ajiya, amma umarni ɗaya na SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, yana sake haɗa maka su a fuska ɗaya irin wadda ka saba gani.

Wanda ya kafa wannan tsari shi ne Edgar Codd, ɗan Ingila masanin lissafi da ke aiki da IBM a San Jose ta jihar Kalifoniya. A 1970 ya wallafa takardar da ta zama tushen rumbunan bayanai masu tebur, a 1971 kuma ya fitar da mataki na biyu da na uku. Kafin shi, tsare-tsare irin IMS na IBM ɗin kansa suna ajiye bayani a tsarin uwa da 'ya'ya, mai rubuta manhaja sai ya haddace hanyar da zai bi daga wannan bayani zuwa wancan, in tsarin ajiya ya sauya manhajarsa ta karye. Codd ya ce a'a: a zuba komai a tebur, jerin layuka ba shi da ma'ana, layi biyu ba za su zama iri ɗaya sak ba, kuma duk wani bayani dole ya zama rubutacce a cikin gurbi. Wannan na ƙarshen ya shafe ka kai tsaye. Na san irin shafukan nan: layin da aka shafa wa rawaya yana nufin an biya, ja yana nufin mai taurin bashi, gurbin suna da aka bari fanko yana nufin "mutumin da ke layin sama". Babu ko ɗaya daga cikinsu da zai tsallaka zuwa rumbun bayanai. Launi ba bayani ba ne, matsayin layi ma haka.

To amma kada ka fara da fasa tebur. Ajiye kwamfutar, ka ɗauki takarda da biro, ka sami Baffa bayan la'asar lokacin da kasuwa ta lafa. A nan ainihin aikin yake, kuma a nan ɗalibai suka fi faɗuwa, domin ƙa'idojin matakan nan ba su san kasuwar taki ba. Abin da suke tambaya kawai shi ne: in na san wannan, shin na san wancan babu shakka? Shi ake kira dogaro. Amsar kuwa tana bakin mai shago. Tambaye shi: Baffa, in shugaban ƙungiyar manoma ya ɗauki buhu 30 ya raba wa mutanensa, wa ake bi, shi ko su? Akwai wanda ake ba bashi sai da mai tsaya masa? In mutum ya kawo kuɗi, na wane ɗauka yake biya, ko a kan jimlar bashinsa ake cirewa? Ana karɓar masara ko wake a madadin kuɗi? Farashi ɗaya ake ba kowa, ko na bashi ya fi na hannu? Kowace amsa tana sauya zanen. In kuɗi a kan jimlar bashi ake cirewa, teburin biya da manomi zai haɗu, ba da ciniki ba. In ka zana akasin haka, kullum za ka riƙa tilasta wa yaron shago ya zaɓi cinikin da Baffa bai taɓa tunaninsa ba, shi kuwa zai zaɓi duk wanda hannunsa ya fara kaiwa.

Zanen akwatuna da layukan da ke haɗa su, wanda na tabbata an nuna muku a aji, Peter Chen ne ya fito da shi a 1976. Ka yi shi a takarda. Akwati ɗaya na manomi, ɗaya na kaya, ɗaya na ciniki, ɗaya na biya, ɗaya na gari. A kan kowane layi ka rubuta: ɗaya da ɗaya ne, ko ɗaya da yawa? Manomi ɗaya, ciniki da yawa. Ciniki ɗaya, kaya da yawa, kuma kaya ɗaya yana fitowa a ciniki da yawa. Duk inda ka ga yawa ta fuska biyu haka, akwai tebur na tsakiya da ke ɓoye. Shi ne na shida, kira shi layin ciniki.

Sai maganar mabuɗi, wato abin da zai bambanta kowane layi da sauran. Suna ba zai yi ba. Ka ƙirga masu suna Muhammad Abubakar a Kumo kaɗai. Lambar waya ma ba za ta yi ba, ko da yake ita mutane suka fi ɗauka: uba da ɗansa suna amfani da waya ɗaya, mutum ɗaya yana da sim uku, kuma kamfanonin sadarwa suna sake sayar da lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba. Lambar NIN mai alƙaluma 11 ba ta maimaituwa, gaskiya ne, amma ba kowane manomi ke yawo da ita ba, kuma tara lambobin shaidar mutane a kwamfutar shago nauyi ne da ban ga dalilin ɗora wa Baffa ba, balle ga dokar kare bayanan mutane ta 2023. Bar rumbun ya ba kowane manomi lamba ta kansa, 1, 2, 3, wadda ba ta nufin komai, don haka ba abin da zai sa ta sauya. Sai dai ka sani, wannan lamba ba ta hana a shigar da mutum ɗaya sau biyu. Abin da ke hanawa shi ne fuskar shigar da bayani ta fara nemo masu irin sunan da garin ta nuna, kafin ta yarda a buɗe sabon manomi. Lambar waya kuma ka ajiye ta a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace kamar yadda Excel ke yi maka.

Mataki na ɗaya, 1NF, mai sauƙi ne: gurbi ɗaya, abu ɗaya. In a ginshiƙin kaya ka rubuta "NPK 3, Yuriya 2, feshi 1", to ba mai iya tambayar rumbun buhun Yuriya nawa aka fitar a watan Yuli. Buɗe ginshiƙan kaya1, kaya2, kaya3 ma ba mafita ba ce, ranar da wani ya ɗauki kaya iri huɗu ka shiga uku. Teburin layin ciniki shi ke warware wannan: kowane kaya a layinsa, da lambar ciniki, da lambar kaya, da adadi.

Mataki na biyu, 2NF, yana aiki ne inda mabuɗi ya haɗa ginshiƙi biyu, kamar layin cinikin nan da mabuɗinsa ya zama lambar ciniki tare da lambar kaya. Duk abin da ya dogara da rabin mabuɗin kawai, ba nan ne gidansa ba. Sunan taki da cewa buhunsa kilo 50 ne, lambar kaya kaɗai ta isa a san su, su koma teburin kaya. Kwanan wata da wanda ya saya, lambar ciniki kaɗai ta isa, su koma teburin ciniki. Adadi kuwa sai ka san wane ciniki da wane kaya, ya zauna.

Farashi fa? Nan nake so ka natsu, domin nan ne mai ilimin aji yake jawo wa shago asara ko rigima. Ɗalibi zai ce farashi na kaya ne, ya cire shi daga layin ciniki ya mayar teburin kaya, yana murna ya kawar da maimaici. A ce a watan Yuni buhu yana N40,000, wani manomi daga Deba ya ɗauki biyar, bashinsa N200,000. A watan Agusta kaya ya tashi, Baffa ya ce a mayar N46,000. Ka gyara a teburin kaya, gurbi ɗaya. A take bashin mutumin Deba ya zama N230,000, ba tare da ya ƙara ko mudu ɗaya ba, haka kuma na duk wanda ya ɗauka tun farkon damina. Ranar biya zai zo da takardarsa a aljihu, kuma shi ne mai gaskiya. Kuskuren shi ne ɗaukar abu biyu a matsayin ɗaya. Farashin yau labarin kaya ne, yana teburin kaya, yana sauyawa yadda kasuwa ta so. Farashin da aka sayar labarin wannan ciniki ne da wannan kaya, yana layin ciniki, kuma da zarar an rubuta shi ya daskare. Ko da alƙaluman sun zo ɗaya a ranar, ba maimaici ba ne. Wannan ma shi ke ba Baffa damar rage wa tsohon abokin hulɗa N500 a buhu ba tare da lissafi ya rikice ba. Maimaicin da ake gudu shi ne gaskiya ɗaya a wuri biyu, ba lamba ɗaya a wuri biyu ba.

Mataki na uku, 3NF, yana kama dogaron da ya bi ta hannun wani. A teburin manomi kana da gari da ƙaramar hukuma. Amma ƙaramar hukuma ba labarin manomi ba ce, labarin gari ce: Kumo tana Akko, Bajoga tana Funakaye, Deba tana Yamaltu/Deba, ko wane ne manomin. In ka bar su tare, wata rana za ka ga Bajoga a ƙarƙashin Dukku a layi ɗaya, rumbun kuma bai ce uffan ba. Gari ya samu teburinsa, manomi ya riƙe lambar gari kawai. Kuma kada ka ce waɗannan abubuwa ba sa sauyawa. Kafin 1 ga Oktoba 1996 duk garuruwan nan jihar Bauchi suke. Ofishin da ya rubuta jiha a gaban sunan kowane mutum sai ya bi dubban layuka, wanda ya ajiye ta a teburin ƙananan hukumomi kuwa layukan yankin Gombe kaɗai zai taɓa. Shi ma gari lamba za ka ba shi, ba suna ba, domin Tudun Wada da Sabon Gari sun fi a ƙirga. Ko sunan ƙaramar hukuma yana maimaituwa a cikin 774 da ake da su: akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi.

Jimla da ragowa, ginshiƙan da Baffa ya fi dubawa, su ne nake ba ka shawarar kada ka ajiye su kwata-kwata. Jimla adadi ce sau farashi. Ragowa jimlar abin da aka ɗauka ce a cire jimlar abin da aka biya. Duk abin da ake iya lissafowa daga wasu gurabe, in ka ajiye shi daban, wata rana za a gyara adadi a manta da shi. Ka rubuta tambayar SQL ɗaya ka adana ta, kullum ta lissafo sabo. Tarko ɗaya ne a nan, kuma yana kama har waɗanda suka daɗe a aikin: kada ka haɗa layin ciniki da teburin biya a JOIN guda, wato umarnin haɗa tebur da tebur, sannan ka yi SUM, umarnin tara lambobi. Manomi mai layin ciniki 3 da biya 2 zai fito a layi 6, bashinsa ya ninka biyu, biyansa ya ninka uku. Tara bashi daban, tara biya daban, sannan ka haɗa sakamakon biyun a kan lambar manomi.

Akwai matakai a gaba. Codd da Raymond Boyce sun ƙara tsaurara na uku a 1974, shi ne BCNF. Ronald Fagin ya kawo na huɗu a 1977 da na biyar a 1979. Ka karanta su don jarrabawa. A shago irin na Baffa, in kowane tebur labarin abu ɗaya yake bayarwa, da wuya ka ci karo da su, sai fa in ka haɗa lambobin wayar manomi da amfanin gonar da yake nomawa a tebur ɗaya, abubuwa biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Za ka ji masu cewa yawan JOIN yana sa rumbu nauyi, gara a bar tebur a haɗe. Maganar tana da wurinta, a manyan rumbunan rahoto masu miliyoyin layuka, inda ake kwafo bayani daga rumbun aiki a shimfiɗa shi da gangan don saurin karantawa. Cinikin shago na shekara goma bai kai ya sa tsohuwar laftof gumi ba, in ka sa fihirisa, wato jerin da ke sa rumbu saurin gano layi, a kan ginshiƙan da kake haɗawa da su. Kuma kada zafin sabon ilimi ya kai ka ga buɗe tebur na musamman don laƙabi, Alhaji da Malam da Hajiya. Wannan ba gyara ba ne, neman aiki ne.

Rarraba tebur ba ya tsare komai sai ka sa masa ƙa'idoji. Lambar manomi da ke teburin ciniki ka ayyana ta a matsayin baƙon mabuɗi, yadda rumbun zai ƙi karɓar cinikin manomin da babu shi, ya kuma ƙi goge manomin da ake bi bashi. In SQLite za ka yi amfani da shi a matsayin manhajar rumbun, wanda ya dace da kwamfuta ɗaya a shago, ka sani ba ya tilasta wannan sai ka kunna da PRAGMA foreign_keys = ON a kowane buɗewa. In manhajar MySQL ce, ka tabbata teburan irin InnoDB ne, domin irin MyISAM ba ya kula baƙon mabuɗi. PostgreSQL yana tilastawa tun farko. Kuɗi kada ka ajiye su a FLOAT, nau'in gurbin da ke kintata lamba mai ɗigo, yana kawo ɗan kuskure a bayan ɗigo da ke taruwa. Yi amfani da DECIMAL, nau'in da ke riƙe alƙaluma daidai, a SQLite kuma ka ajiye su da kwabo a cikakkiyar lamba. Sannan shigar da ciniki da layukansa ka ɗaure su a aiki guda tsakanin BEGIN da COMMIT, don in an ɗauke wuta a tsakiya kada a wayi gari da ciniki ba kaya a ƙarƙashinsa.

In Baffa ya ce yana karɓar hatsi a madadin kuɗi, ƙa'idar farashi ta dawo: teburin biya ya ɗauki irin hatsin, da yawan buhu, da ƙimar da aka yi masa a ranar da aka kawo, ba farashin kasuwar Tudun Hatsi na yau ba.

Wajen kwashe tsohon shafin, kada ka goge shi, kuma kada ka yarda kwamfuta ta haɗe maka sunaye da kanta. Fitar da jerin sunayen duka, ka zauna da Baffa ko yaron da ya fi sanin mutane, su gaya maka wane Mamman ne wane Muhammad, wane kuma ɗansa ne. Bayan ka gama, tara jimlar bashin da ake bi a tsohon shafi da ta sabon rumbu, ka gwada su da littafin takarda in yana nan. In ba su zo ɗaya ba, fara duba layukan da aka shafa wa rawaya ba a rubuta kuɗin biyansu ba, sannan waɗanda aka bar gurbin sunansu fanko.